Haƙurin da Salifou Ya Bayar

Ran Laraba da azahar Salifou yana zaune bayan sito, a kan katakon ɗora kaya, yana cin shinkafar da matarsa Oumou ta zuba masa a kula, sai wani abokin aikinsa ya miƙo masa waya ya ce, wannan ba 'yarka ba ce? Ya karɓa yana tauna. Ita ce kuwa. Ga Ramlatou tsaye a kan katangar ƙofar jami'arsu da ɗankwali ruwan ɗorawa, hannuwanta ba sa hutawa, ɗaruruwan ɗalibai a ƙasa sun ɗaga kai suna kallonta. An naɗe ƙofar da sarƙa, an danna mata kwaɗo. Ya rufe kular.

Shekara goma sha biyar Salifou yana tuƙa motar ɗaga kaya a wannan sito na titin Wendover, bai taɓa makara ba, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Mutumin Maraɗi ne, kuma irin mutanen nan ne da in ɗan sanda ya tsayar da wata mota can gaba, su ke fara gyara zama. A ganinsa baƙo a ƙasar mutane ba ya da aikin da ya wuce ya sunkuyar da kai ya nemi abincinsa. To, ga 'yarsa a kan katanga, duniya tana kallo.

Ramlatou ce 'yarsa ta fari. Sanƙarau ya kama ta tana da shekara uku, ta tashi da ranta amma jinta ya tafi. Tana da bakwai suka zo Amurka, makaranta ta ba ta yaren hannu da karatun Turanci, Hausa kuwa ba ta taɓa samun ƙofar shiga ba. Oumou ta daure ta koyi yaren hannun, tana kuskure 'yar tana gyara mata suna dariya. Shi Salifou alamu biyar ya tsaya a kansu: ci, zo, tafi, salla, bari. In an yi masa magana ya ce ai 'yar fari ce, akwai kunya, ba a zura mata ido, ba a kama sunanta. "Yarinyar nan" yake ce mata. Gaskiya dai kunyar ta zo masa a daidai, don koyon magana da yatsu ba ƙaramin aiki ba ne ga wanda ke dawowa gida kafaɗunsa a sage. Amma son ta yana son ta, har ba ya iya kallon hotonta na yaye sakandare ba tare da idonsa ya ciko ba.

Rigimar kuwa ga yadda take. Ƙaramar jami'a ce ta kurame a hanyar Summerfield, inda gidaje ke fara nisa da juna ana ganin dawaki bayan shinge. Tun da aka kafa ta ba a taɓa ba kurma shugabancinta ba. Bana tsohon shugaba ya yi ritaya, aka tace masu nema suka rage uku, biyu kurame masu digirin digirgir, ɗaya mai ji. Hukumar gudanarwa ta zauna a ɗaki ta ɗauki mai jin, mutumin da ko barka da asuba bai iya da hannu ba. Washegari ɗalibai suka rufe ƙofa, suka zaɓi mutum biyar su ja gaba, Ramlatou ce ta ɗaya.

Ran Alhamis takarda ta iso ta imel, Oumou ce ta karanta masa. An jera sunaye biyar. In ba a buɗe ƙofa ba kafin sha biyun ranar Litinin, duk an kore su. Saura mako shida Ramlatou ta karɓi digirinta.

"Malam, ka je ka same ta," in ji Oumou. "Ka zauna da ita, ni in yi muku tafinta. Ka tambaye ta abin da take so."

"Bon, in je in tambaye ta me? Yarinyar da ta hau katanga, maganata za ta bi? Shekara huɗu tana karatu a lakwal, sai da aka zo bakin gaɓa za ta kifar da jirgin?"

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su ne kuramen, su suka san abin da ke cin su."

"Ke ma kin shiga ke nan."

Ya ɗauki waya ya rubuta mata da Turancinsa na sito cewa ta dawo gida. Amsa ta zo nan take: ba yanzu ba, Baba, ka yarda da ni. Ya daɗe yana kallon rubutun. Tsoro ne ya kama shi, tsoron ya ga wahalar yarinyar nan ta shekara da shekaru ta bi ruwa saboda taurin kai na kwana bakwai.

Ran Juma'a da aka sallame salla, ya tari Alhaji Issaka a ƙofar masallaci, wajen takalma. Alhaji Issaka mutumin zangon Kumasi ne, mai kantin kayan abincin gida, kuma shi ne likitan rigima a cikin Hausawan Greensboro. Ya ɗaura auren da ya tsinke, ya raba abokan kasuwa ba a je kotu ba, kuma ya san da haka sarai, shi ya sa babbar rigarsa ta fi ta kowa sitati. Ya saurari Salifou yana gyaɗa kai.

"Yoo, Malam Salifou, wannan ne ya hana ka barci? Ƙaramin abu ne paa. Yaro ya yi laifi, babba ke zuwa ya ba da haƙuri, haka muka gada. Bature ma mutum ne, yana da zuciya. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ka tashi ka tashi da tsawonka."

"Alhaji, ba sai na gaya mata ba?"

"Ka taɓa ganin an nemi izinin yaro kafin a je roƙa masa gafara? Shiga mota. Ga mu da rigunanmu a jiki, ga goro a but."

Da yake ƙofar jami'a a rufe take, sabon shugaban yana zama ne a wani ofis na aro a titin Elm, hawa na huɗu. Suka jira kusan awa guda a kan kujeru masu laushi, Alhaji yana jan carbi, Salifou yana riƙe da ƙullin goro. Da aka shigar da su suka tarar da dattijo mai furfura da fara'a, idanunsa duk sun faɗa don rashin hutu, da wata mata a gefensa da kwamfuta a cinya.

Salifou bai jira an nuna masa kujera ba. Ya cire hula, ya durƙusa a kan kafet, ya ajiye ƙullin goro a gaban teburin. Shugaban ya miƙe a ruɗe yana cewa a'a, a'a, don Allah ya tashi. Alhaji ya ɗaga masa hannu, ya bayyana masa da Turanci cewa haka ake yi a wurinmu, uba ne ya zo da ƙoƙon bara. Sannan Salifou ya fara magana da Hausa, Alhaji yana juyawa.

Ba da haƙuri yana da kalmominsa, kowa ya san su, kamar yadda gaisuwar mutuwa take da nata. Ana cewa yarinta ce. Ana cewa ba halinta ba ne, zuga ta aka yi. Ana cewa ta gane kuskurenta, ta yi nadama, ba za ta sake ba. A Maraɗi ba wanda ke ɗaukar waɗannan a matsayin shaida, hanya ce kawai da ake share wa babba don ya yafe ba tare da girmansa ya zube ba. Salifou ya jero su kaf yadda ya ji ubansa yana yi. Alhaji kuwa da ya ga fage, ya ƙara gishiri da yaji, ya ce yarinyar kuka take yi dare da rana, miyagun abokai ne suka tura ta gaba suka laɓe a bayanta. Matar nan dai yatsunta suna ta tafiya a kan kwamfuta.

Shugaban ya zagayo ya kama Salifou ya ɗaga shi. Ya tambaya a hankali, yana duban idonsa: ita da kanta ta gaya maka haka?

Alhaji ya juya tambayar. A iya sanin Salifou tambayar ba ta da wuri, don in uba ya yi magana a kan 'yarsa, 'yar ta yi magana ke nan.

"Gaya masa bakina bakinta ne," ya ce.

Alhaji ya taƙaita wa Bature, ya ce i, ita ta faɗa.

Aka buga takarda, Salifou ya sa hannu. Aka nemi a ɗauki hoto suna musafaha, ya gyara hula ya tsaya. Shugaban har ya ɓantari goro ya tauna, ya yamutsa fuska, aka yi dariya. A cikin lif Alhaji ya buga masa kafaɗa ya ce, ka gani? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Salifou ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka. A hanya ya tsaya ya sayo wa Oumou kifi, bai gaya mata inda ya je ba.

Da hantsin Asabar Oumou tana tsaye a kicin wayarta ta yi ƙara. Ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta kashe murhu ta zauna a ƙasa. Sanarwa ce daga hukumar jami'a zuwa ga ɗalibai da iyaye baki ɗaya. An ce ɗaya daga cikin jagororin zanga-zangar, ta bakin iyalinta, ta bayyana nadamarta, ta kuma tabbatar da cewa sauran ne suka matsa mata. Saboda haka an cire sunanta daga jerin waɗanda za a kora, huɗun kuwa wa'adinsu yana nan. A ƙasa ga hoton Salifou da babbar riga yana murmushi, hannunsa cikin na shugaban.

"Malam, me ka yi?"

"Na ceto ta. Ba ki ga an cire sunanta ba? Voilà, magana ta ƙare."

"Ka ce musu ita ta faɗa?"

"Haka ake cewa mana! Ke ba ki san yadda ake ba da haƙuri ba?"

Oumou ta dube shi, hawaye suna zuba ba ta share ba. "Kwana shida yaran nan suna kwana a ƙasa a kan abu ɗaya, kada mai ji ya sake shiga ɗaki ya yi magana da sunansu. Sai ga uban shugabarsu ya shiga ɗaki." Ta juya masa baya ta ci gaba da kiran wayar 'yarta ta bidiyo. Ba a ɗauka ba. Har yamma ba a ɗauka ba.

Salifou ya wuni yana gaya wa kansa cewa fushin yara ne, zai wuce. Amma kifin da aka soya ya kasa ci.

Ran Lahadi da safe ya ɗauki mota shi kaɗai ya nufi hanyar Summerfield, da niyyar ya ɗauko ta. Ana yayyafi. Ya ajiye mota a gefen titi bayan motar 'yan sanda, ya taka zuwa ƙofa. Ya zaci zai tarar da ihu, sai ya tarar da taron mutum ɗari uku ba hayaniya, sai wata babbar ganga da ake bugawa jefi-jefi, wadda suke ji a ƙirji, da ƙarar ruwa a kan tantuna. Ko'ina hannuwa ne ke motsi. Wata yarinya ta gan shi, ta dubi wayarta, ta taɓa na kusa da ita. Kafin ya yi taku goma labari ya zagaye wurin. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya tare shi. Ɗaya bayan ɗaya suka juya masa baya, kuma ko shi da bai san al'adarsu ba ya gane cewa a wurin kurma wannan ya fi zagi.

Wani dogon baƙar fata mai gemu, da rigar ruwa, ya matso ya ce masa da Turanci sunansa Malachy, tafinta ne, iyayensa kurame ne. Ya ce in Ramlatou yake nema, ba ta cikin taron. Ya nuna masa can ƙarshen katanga.

Tana zaune a kan dakalin siminti ita kaɗai, jakarta a gefe, ɗankwalin ya jiƙe ya manne mata a ka. Da akwai wani jan ƙyalle da jagororin biyar ke ɗaurawa a dantse, nata babu. Malachy ya gaya masa a hanya, ba tare da ya tambaya ba, cewa jiya da rana aka kaɗa ƙuri'a aka sauke ta. Ta rantse musu ba ta san komai ba. Wasu sun yarda, da yawa ba su yarda ba, waɗanda suka yarda ɗin ma sun ce ba za a iya tafiya da shugabar da hukuma ke riƙe da takardar tubanta ba.

Ta ɗago ta gan shi. Ba ta tashi ba. Salifou ya tsaya a gabanta, ya yi mata alamar zo, sannan ya nuna mota. Ta dubi hannun nasa kawai. Sai ta ɗaga nata, Malachy ya tsaya a gefen kafaɗar Salifou yana ba su murya. Maganar tana fitowa daga yatsunta ta shiga Turanci, Salifou yana kamo abin da ya iya yana mayarwa Hausa a ransa. Bai taɓa zama da tafinta tsakaninsa da 'yarsa ba sai yau, ga ta da shekara ashirin da biyu.

"Baba, na rubuta wa hukumar jami'a jiya. Na ce ban tuba ba, ba wanda ya zuga ni, ni na sayo sarƙar da hannuna. Na ce su mayar da sunana."

"Subhanallahi! Me suka ce?"

"Sun ce an rufe maganata bisa roƙon iyalina. Sun ce sun fahimci irin matsin da nake ciki, suna yi mini fatan alheri." Ta yi wani murmushi mara daɗi. "Zan karɓi digirina, Baba. Hankalinka ya kwanta. Gobe za a kori mutum huɗu da takardar da ka sa wa hannu, ni kuwa ko laifina ba a bar mini ba."

"Gaya mata don ita na yi," Salifou ya ce wa Malachy. "Gaya mata haka ake yi a garinmu, magana ce kawai ta baki, ba wanda..."

Malachy ya katse shi a hankali. Ya ce, Malam, ita za ka kalla, ba ni ba, da ita kake magana.

Salifou ya juyo da ƙyar ya dubi fuskar 'yarsa. Ya ga ta rame, ya ga ƙasan idonta ya yi baƙi, ya ga tana kama da mahaifiyarsa fiye da yadda ya taɓa lura. Ya maimaita abin da ya faɗa, amma a karo na biyu kalmomin sun fito ba ƙarfi, shi kansa ya ji haka.

"Na san don ni ka yi," in ji ta. "Shi ma wancan sabon shugaban don mu yake yi. Duk don mu kuke yi." Hannuwanta suka tsaya, sannan suka ci gaba a hankali. "Sun tambaye ka ko ni na faɗa, ka ce i. To, ina so in sani. Yaushe na gaya maka? Da wane hannu? Nuna mini yadda na yi."

Ya dubi hannuwansa, manya, masu kanta, hannuwan da suka ciyar da ita suka biya mata duk abin da ta nema. Ba su san yadda ake cewa nadama ba. Ba su san yadda ake cewa yi haƙuri ba ma, abin da ya fi bukata a wannan lokacin. Kunya ta gaske ta rufe shi, ba irin wadda ya saba fakewa da ita ba.

Ramlatou ta miƙe. Ta yi wa Malachy wata alama gajeriya, shi kuma ya ja da baya taku biyar ya zuba hannuwansa a aljihu. Sannan ta matso dab da ubanta ta fara magana.

Ta daɗe tana yi. Wani lokaci da sauri har ruwa yana fallatsa daga yatsunta, wani lokaci a hankali, tana taɓa ƙirjinta, tana nuna shi, tana nuna ƙasa daidai tsayin ƙaramin yaro. Ta yi kuka a tsakiya ba ta tsaya ba. Sau ɗaya ma ta yi 'yar dariya, kamar ta tuna wani abu mai daɗi da ya shafe su su biyu. Salifou bai ƙifta ba, bai sunkuyar da kai ba, ya zuba ido iya ƙarfinsa yana jiran ko ɗaya daga cikin alamunsa biyar ta gifta ya kama. Ba ko ɗaya da ta zo.

Da ta gama ta share fuska da gefen ɗankwali, ta ɗauki jakarta. Ba ta nufi motarsa ba, ba ta kuma koma cikin taron ba. Ta bi gefen titi ta nufi wajen gari a ƙafa, cikin yayyafi.

Salifou ya juya wurin Malachy.

"Don Allah, ɗana, me ta ce?"

Malachy ya girgiza kai. Idonsa shi ma ya yi ja, don ya ga komai.

"Da kai ta yi magana, Malam. Ba da ni ba."

Salifou ya ƙwala mata kira da sunanta, da ƙarfi, har 'yan sandan suka waiwayo. Ita dai ta ci gaba da tafiya.